Shayin Sona Kak

Likitar ta kama bakin filastar ta ɗaga a hankali. Sonaullah Wagay ya damƙe hannun kujera kamar wanda za a cire wa haƙori.

"Baba, saki jikinka. Aikin ai jiya muka gama shi, yau buɗewa kawai za mu yi."

"A sake nake," ya ce, bai kuwa saki kujerar ba.

Ta cire audugar, ta goge masa gefen ido da wani abu mai sanyi, ta ce ya buɗe. Haske ya soke shi har hawaye ya zubo. Ya rufe, ya sake buɗewa. Abin da ya fara gani labulen taga ne. Jiya da aka shigo da shi ɗakin nan ya ɗauka labulen ruwan ƙasa ne da ya sha datti, har ya ce a ransa asibiti guda an kasa wanke labule. Ashe shuɗi ne, irin shuɗin sama bayan an ɗauke ruwa.

"Me kake gani?" in ji likitar, ta ɗaga masa hannu.

"Yatsu, da zobe a na tsakiya." Ya ƙura mata ido. "Au, ashe ke yarinya ce? Ni da nake jin faɗanki na ɗauka kin yi jikoki."

'Yarsa Rafika, wadda ke tsaye a bayansa riƙe da jakar magani, ta tuntsire da dariya, dariyar ta zarce ta koma kuka, ta rufe fuska da mayafi.

Likitar ta jera masa dokoki. Ban da hayaƙi, ban da sunkuyo, ban da ruwa a ido. Baƙin tabarau ba zai bar fuskarsa ba in yana waje. Aikin da ke buƙatar ƙura ido kuwa sai ta gwada masa gilashin karatu. Aikin ɗaya idon sai kaka.

"Wane aiki kake yi ma, Baba?"

"Ƙwari nake ɗaurawa."

Ta dube shi, ta dubi Rafika.

"Na kamun kifi," in ji Rafika tana share hanci. "Na ƙarya."

Sana'ar gidansu ce. A kogin Lidar doka ta hana jefa wa kifin tirawut tsutsa ko ƙullu, sai ƙwaron da aka ɗaura da hannu a jikin ƙugiya. Mahaifin Sonaullah ya koya masa tun yana ƙarami: gashin wuyan zakara a yi ƙafafu, na makwarwa a yi fiffike, gashin zomo a murza a zare a yi jiki. Abin da tsohon ya fi nanata masa shi ne launi. Ƙwaron kogi ba ya ado, in ji shi. Ruwan ƙasa ne, ko ruwan toka, ko baƙi, wanda duk ya ɗaura wani abu mai walƙiya ɗan wasan yara yake yi. A kan wannan Sonaullah ya tsufa, har duk kwarin Pahalgam ba a kiransa sai Sona Kak don girmamawa. Da yana ta rufe masa ido bai daina ba, yatsunsa sun san hanya.

A cikin motar haya ta Sumo da ta ɗauko su daga Anantanag ya hana kowa sakat. Rafika ta samar masa gefen taga, shi kuwa ya riƙa ɗaga tabarau yana leƙe ta ƙasa, tana mayar masa.

"Rafika, dubi gonakin can! Haka suke rawaya kowace shekara?"

"Haka suke, Abba. Mayar da gilashin."

Ya karanta allon shagon taya da ƙarfi. Ya karanta na mai sayar da busassun 'ya'yan itace, ya karanta rubutun bayan wata babbar mota har da lambarta. Wani mai kaji da ke zaune a baya ya ce, "Direba, rage gudu mana, Baba bai ƙarasa wancan allon ba." Mota ta ɗauki dariya. Da suka ji dalili sai kowa ya shiga nuna masa abin kallo: ga furen almon can, ga dusar ƙanƙara a kan dutse, ga jaki ya kwanta a tsakiyar hanya. Wata tsohuwa ta ce ita ma an ce a yi mata, tsoro take ji. Sonaullah ya juya gaba ɗaya ya ce mata, "'Yar'uwa, gobe-gobe ki je. Amma ki shirya, mutanen gidanki ba su kai yadda kike zato kyau ba."

Da hanya ta gangara kusa da kogin ya zuba masa ido. Lidar ya cika da narkakkiyar ƙanƙara, yana tafe fari-fari kore-kore, yana dukan duwatsu. Ya daɗe rabonsa da ganinsa, sai dai ya ji ƙararsa kawai.

Kafin su kai mararrabar ƙauyensu Rafika ta taɓa kafaɗar direba. "A nan za mu sauka."

"Wuce da mu kasuwa," in ji Sonaullah. "Yau aka buɗe kamun kifi na bana. Sai na leƙa shagon Jabbar."

"Abba, Moji na jira. Tun safe take kira na a waya." Moji take kiran mahaifiyarta.

"Ta jira shekara arba'in, ba za ta gaji yau ba."

"Likita ta ce ban da ƙura."

"Ban da hayaƙi ta ce. Kunnena ba shi aka yi wa aiki ba."

Rafika ta koma ta jingina, ta fito da waya ta shiga latse-latse da sauri.

Jabbar Magray abokinsa ne tun suna satar tuffa a gonakin mutane. Shi ke raka baƙi bakin kogi, kuma a ɗan shagonsa da ke kusa da gada ake sayar da duk abin da Sonaullah ya ɗaura. Suna isa suka same shi a bakin ƙofa, ya baje feran ɗinsa, doguwar rigar sanyin nan mai faɗi, ya cika hanyar shiga, waya a hannu.

"Sona! Barka, barka! An ce ido ya buɗe!" Ya rungume shi, amma bai matsa daga ƙofar ba.

Sonaullah ya ja baya ya ɗaga tabarau. "Innalillahi. Jabbar, ina ka kai haƙoranka?"

"Inda ka kai gashin kanka. Zo mu je mu sha shayi a wurin Gulla mai shayi, ni zan saya."

"Kai za ka saya? To lallai akwai magana. Matsa in shiga."

Ya ture shi ya shiga. Shagon na nan yadda hancinsa ya san shi, warin roba da man ƙarfe. Sandunan fatsa a jingine, dogayen takalman shiga ruwa a rataye. A bangon tsakiya kuwa, inda ake kafa ƙwarinsa a jikin wani allo mai laushi, ya ga abin da ya tsayar da shi. Layi-layi ne na wasu halittu masu ruwan hoda, irin launin shayin gishiri in an zuba masa madara. Kawunansu manya, fikafikan a karkace, jikin butu-butu kamar an tauna an tofar. A sama an manna kwali an rubuta da babban baƙi: Shayin Sona Kak.

Ya karanta sau ɗaya a zuci, ya sake karantawa a fili.

"Wane ɗan iska ne ya ɗaura waɗannan?"

Mai gurasa na maƙwabta ya leƙo, da tela, da wani mai dokin haya, duk suka tsaya a bakin ƙofa suna cije leɓe.

"Da kai nake, Jabbar! Ina zaune a gida ba na gani, ka samo wani mai yin 'yan kunne ya ɗaura maka wannan shirme, ka liƙa sunana? Sunan gidanmu? Ubana da ya ga wannan a shagon mutum ba zai ƙara gaishe shi ba!"

"Ciro ɗaya ka taɓa," in ji Jabbar a hankali.

"Ba zan taɓa ƙazanta ba."

"Rufe idon ka taɓa."

Ya ciro ɗaya da ƙyama. Bai ma kai ga rufe ido ba, yatsunsa suka ba shi labari. Ga ƙullin da yake yi a wuya, sau biyu sannan a ja baya, wanda ba mai yin sa a kwarin nan sai shi. Ga taushin ulun nan da ya saba murzawa. Ya tuna hunturun da ya gabaci na bara, lokacin da ƙanƙara ta toshe hanya, gashin zomo ya ƙare masa. Ya ce wa matarsa Taja ta duba kwandon saƙarta ta ba shi ulu ruwan ƙasa. Ta sa masa a hannu, ya ɗaga saitin taga, ya ga ruwan ƙasa. Daga ranar da shi yake aiki, har yana yaba wa kansa cewa ya fi gashin zomo riƙe ruwa.

Tela ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Rafika ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa.

Sonaullah bai yi dariya ba. Ya ajiye ƙwaron a kan kanta, ya mayar da tabarau ya rufe idonsa.

"Shekara biyu ke nan gari na yi mini dariya ina tsakiya."

"Shekara biyu ke nan gari na kama kifi," in ji Jabbar. "Wallahi Sona, ranar da na ɗauko na farko a gidanka kunya ta hana ni fito da su. Na cusa su a ƙasan akwati. Sai wata rana ruwa ya yi kauri, muka jefa duk abin da muke da shi, ko motsi. Na ce bari in ɗaura abin kunyar nan tunda ba mai gani. Kafin la'asar baƙona ya gaji da ja. Yanzu daga Delhi ake kira a ce in ajiye musu."

"Ka ce min ƙwarina na tafiya. Ba ka ce min ɗan wasan yara nake yi ba."

"Da na faɗa da ka daina."

"Da na daina mana!"

"To ka gani."

Ya juya zai fita. Jabbar ya riƙe masa hannun riga. "Kafin ka tafi ka yi fushin da kyau, zo mu gangara. Madam Deshpande na ƙasan gada, tun safe take tambayarka."

Madam Deshpande tsohuwar malamar makaranta ce daga Pune, ba ta taɓa fashin ranar buɗe kogi. Suka same ta tsaye cikin ruwa har gwiwa, hular mijinta marigayi a kanta. Da ta hango su ta fito tana ɗaga sanda.

"Sona Kak! An ce yau za ka ga fuskata. Ka yi haƙuri da abin da ka samu."

Ya gaishe ta a taƙaice. Ya cire hularsa ta fata, ya laluba cikin naɗin, ya zaro wani ƙwaro da ya ɗaura tun idonsa na da kyau: siriri, ruwan ƙasa, fikafikai a daidaice kamar zai tashi.

"Madam, cire wancan abin. Jefa wannan ki ga aikin gidanmu."

Ta dubi Jabbar, Jabbar ya ɗaga kafaɗa. Ta ɗaura. Rafika ta zaunar da mahaifinta a kan wani faffaɗan dutse, nesa da feshin ruwa. Madam ta kaɗa sanda, zaren ya miƙe a iska ya sauka bayan wani baƙin dutse inda ruwa ke juyawa. Ta jefa, ta sake jefawa, ta matsa gaba ta sake. Sonaullah ya ɗaga tabarau, wannan karon Rafika ba ta hana shi ba. Ya nemi ƙwaronsa a cikin ruwan ya rasa. Da ya nutse ɗan taƙi sai ya ɓace cikin farin ruwan kamar ba a jefa komai ba.

"Ƙara ɗaya," ya ce. Ta ƙara. Ta ƙara wani ma ba tare da ya roƙa ba.

Daga nan ta naɗe zare, ta cire ƙwaron ta miƙa masa da hannu biyu, ta ɗaura mai ruwan hoda. Ta jefa wuri guda. Wannan kam ya gan shi. Yana tafe a ƙarƙashin ruwa yana juyi, ɗan ɗigo mai haske, ulun na buɗewa yana rufewa. A jifa na farko ba abin da ya faru. A na gaba, wata inuwa ta ɓalle daga gindin baƙin dutsen, ta karkata, gefenta ya yi walƙiya kamar an juya faranti, ɗigon ya ɓace.

"Ya ɗauka! Ɗaga, Madam, ɗaga!"

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Sanda ta lanƙwashe, zare na kuka, kifin ya yi tsalle ya faɗa, shi kuwa yana bin gaɓa yana ba da umarni, Rafika na riƙe da bayan feran ɗinsa tana ihun likita ta ce, likita ta ce. "Sakar masa! Kar ki ja yanzu! Jabbar, kai kuma ragar ta ado ce? Shiga mana!" Jabbar ya faɗa ruwa da takalmansa na kasuwa, ya ɗago raga da kifin a ciki yana bugun iska.

Suka kawo masa har gabansa don kada ya sunkuya. Ya tsaya yana kallo, yana haki. Bayan kifin ruwan zinariya ne mai duhu, ga ɗigo-ɗigon ja a gefe, kowanne da farin zobe kewaye da shi. Ya manta da zoben nan. Ya riƙe kifaye da yawa a shekarun nan, yana jin sanyinsu da nauyinsu, amma ya manta akwai zoben. Ya kai yatsa ya taɓa ɗaya.

A gefen bakin kifin ga abin kunyarsa a maƙale, ya jiƙe ya ƙara muni.

"Ruwan ne," ya ce, kamar da kansa yake. "In ƙanƙara na narkewa kogin ma yana yake yi. Kifin ba ya gani sosai." Ya sake duban ƙwaron. "Makaho ne ya ɗaura wa makaho."

Jabbar ya yi dariya har ya kusa sakin ragar. Madam ta zare ƙugiyar, ta riƙe kifin a ruwa har ya farfaɗo, ya kaɗa jela ya koma gindin dutsensa.

"Amma kan nan ya yi girma," in ji Sonaullah, yana juya ƙwaron a tafin hannu. "Fiffiken kuma kamar an taka shi. Ba mai gaya wa mutum gaskiya a garin nan."

"Kar ka gyara komai, don Allah," in ji Madam.

Rana ta karkata lokacin da suka hau gangaren gida. Taja ta riga ta shimfiɗa masa bargo a baranda, nesa da hayaƙin murhu, ta fito da tukunyar shayi da gurasa. Tana tsaye tana gyara kofuna waɗanda ba su buƙatar gyara. Rafika ta wuce ciki da jaka, ta ja ƙofa.

Ya zauna, ya cire tabarau, ya dube ta. Ta rame fiye da yadda ya ajiye ta a ransa. Gashin da ya leƙo ta ƙasan ɗankwalinta ya yi fari tas. Ɗan tabon da ke haɓarta yana nan inda ya bar shi.

"Kallon ya isa haka, Baban Rafika. Za ka ƙarar da idon tun yau."

"Ruwan ƙasa na ce ki ba ni."

"Ruwan ƙasa ka ce."

"To?"

Ta zauna a bakin bargon. "Ka tuna yadda kake a wancan hunturun? Ka rungume kaskon wuta, ka juya wa ɗaki baya, abinci sai na yi da gaske. Ka ce aikinka ya ƙare, saura jiran likkafani. Rannan ka tashi da kanka ka ce in ba ka ulu. Na zazzage kwando, babu ruwan ƙasa. In ce maka babu, ka koma ka kwanta? Na ba ka abin da ke hannuna. Na ce in bazara ta yi sai in zubar da su a ɓoye. Ina wajen saniya wannan marar haƙoran ya zo ya kwashe."

"Daga baya fa?"

"Daga baya kana waƙa kana aiki. Wa zai taɓa ka?"

Ta ɗaga tukunya za ta zuba masa shayi, faffaɗan hannun feran ɗinta ya zame ya koma gwiwar hannu. A dama, rigar sanyin da ke ciki ta sauko har wuyan hannu, ruwan hoda, saƙar Rafika. A hagu kuwa babu komai sai fata, rigar ta tsaya can sama da gwiwar hannu, bakinta a warware, wani zare na lilo.

Ta yi sauri za ta ja feran ta rufe. Ya riƙe hannun.

"Mene ne wannan?"

"Ragowar ulun rigar ne na fara ba ka. Ya ƙare tun bazarar farko. Na sayo wani a kasuwa, kana taɓawa ka ce kaushi gare shi, wa ya canja maka kaya. To ina zan samo irinsa?"

"Duk sanyin bana haka kika yi shi? Da hannu ɗaya a waje?"

"Shi ne hannun da nake riƙe kaskon wuta da shi. Bai ji komai ba."

Hannun sanyi ƙalau yake. Ya riƙe shi cikin nasa biyu, yana murzawa a hankali. Idon da aka yi wa aiki ya kawo ruwa, ɗayan ma ya taya shi.

"Likita ta ce ban da ruwa a ido," in ji Taja.

"Ranar da za mu koma karɓar gilashi, da ke za a je. A bar wa Rafika saniyar. Zan saya miki sabuwar riga, mai kauri, ni zan zaɓa da idona."

"Allah ya kiyaye mu da zaɓinka." Ta zare hannunta ta tura masa kofi. "Wannan kuma sai in kama bakinta in ɗinke, ta huta. Tunda ka gani yanzu, ai ka koma wa gashin zomonka."

Ya ɗauki kofin, ya kurɓa, ya daɗe yana duban hannun rigar na dama, mai tsawon nan, daga kafaɗa har wuyan hannu, yana lissafin ƙwari nawa ulun zai ba shi.

"Kar ki yi saurin ɗinkewa," ya ce. "Riga hannu ɗaya dogo ɗaya gajere, ba tsari. A fara daidaita su tukuna."